Wonder Woman a takarda ko a faifai: littafin George Pérez za ki saya

Ƙanwata, tun da kin ce kuɗin da ke hannunki na abu ɗaya ne, ko dai mujalladin farko na Wonder Woman wanda George Pérez ya zana, ko kuwa faifai biyu na finafinan da Gal Gadot ta fito a cikinsu, to littafin za ki saya. Ina da su duka a gida, kuma duk shekara idan watan Oktoba ya kama nakan sauko da su in sake bin su daga farko, domin ranar 21 ga wannan wata ce masoyan jarumar suka keɓe don tunawa da fitowarta ta farko a 1941. Bana ma na yi hakan kamar yadda na saba, kuma littafin ne ya sake riƙe ni har tsawon mako guda, alhali faifan biyu na gama da su a yammaci ɗaya.

Nawa littafin a wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi na same shi, a ƙarƙashin tarin littattafan koyon aikin jinya, bangonsa ya ɗan naɗe a kusurwa kuma ƙurar hunturu ta shiga tsakanin shafukansa. Na goge shi da gefen mayafina, na buɗe, sai na tarar babu shafin da ya ɓace. Wannan mujalladi ya tattara fitowa ta 1 zuwa ta 14 na jerin da DC, kamfanin buga littattafan zane na Amurka, ya soma a 1987, lokacin da ya share tsohon tarihin jaruman nasa ya sake gina su daga tushe. Pérez ne ya yi zanen, kuma da hannunsa a tsara labarin, tare da Greg Potter da farko, daga baya kuma Len Wein. Saboda haka ba kya buƙatar sanin komai game da abin da aka buga a shekaru arba'in da biyar da suka gabace shi kafin ki fahimce shi, domin daga shafin farko aka ɗauko zancen tun daga asalinsa.

Asalin nan shi ne babban abin da faifan ba za su ba ki ba. Labarin ya buɗe ne da wani mutumin zamanin zaman kogo wanda ya kashe matarsa tana da juna biyu. Daga nan aka nuna cewa rayukan matan da maza suka kashe bisa zalunci an adana su a wani wuri, har ranar da allolin tatsuniyar Girkawa mata suka sake fito da su duniya a matsayin matan Amazon, waccan mata ta farko kuwa ita ce ta zama sarauniyarsu Hippolyta. Bayan haka Heracles, wani gwarzo a tatsuniyar Girkawa, ya zo musu da daɗin baki, ya yaudari sarauniyar, mutanensa suka ɗaure matan da sarƙa, kuma mundayen da suke sanyawa a hannu har bayan sun kuɓuta sun koma tsibirin Themyscira na tunawa da wannan ɗauri ne. Wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon mundayen Diana, wato Wonder Woman, a matsayin ado ko makamin tare harsashi kawai ba. Ita Diana kuwa ruhin jaririyar nan ce da ba a kai ga haifa ba, wadda Hippolyta ta durƙusa a bakin teku ta ƙera siffarta da yumɓu, sannan aka ba ta ƙarfi daga Demeter, hikima daga Athena, sauri da iya tashi sama daga Hermes, da sauran baiwa daga sauran. Duk wannan an gina shi ne a kan tatsuniyar Girkawa, kuma a matsayin tatsuniya nake karanta ta, amma an saƙa ta da kulawa ta yadda kowane abu da jarumar ke ɗauke da shi yana da dalilinsa. Har tufafinta masu kama da tutar Amurka an ba su dalili a cikin wannan mujalladi: mahaifiyar Steve Trevor (sojan saman Amurka da ke cikin labarin), matuƙiyar jirgin sama mai suna Diana, ta taɓa faɗowa tsibirin ta rasa ranta wajen taimakon matan Amazon, sai suka karrama ta da alamomin da suka gani a jikin kayanta, aka kuma raɗa wa 'yar sarauniya sunanta.

A hutun bara 'yar yayana, yarinya mai shekara goma sha biyar, ta zo ta yi mako biyu a wurina. Wani dare aka ɗauke wuta, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka haska littafin da tocila, tana karantawa a bayyane ina gyara mata kalmomin Turancin da suka yi mata nauyi. Mun kai fitowa ta 6, inda mabiyan Ares, allan yaƙi na Girkawa, suka ƙwace sansanonin makamai masu linzami a Amurka da Tarayyar Sobiyat suna shirin tayar da yaƙin nukiliya. Diana ba ta da ƙarfin da za ta kayar da shi, kuma Pérez bai ɓoye wannan ba, ya zana ta a galabaice a gabansa. Abin da ta yi shi ne ta jefa masa igiyar gaskiya ta ɗaure shi, igiyar ta tilasta masa ganin ƙarshen abin da yake nema, wato duniya ta ƙone ƙurmus babu ko mutum ɗaya da ya rage da zai bauta masa ko ya tuna da sunansa. Da ya ga haka sai ya janye da kansa. Yarinyar ta ɗago kai ta ce mini, "Gwaggo, ashe ba kashe shi za ta yi ba?" Ta koma baya ta sake karanta shafukan nan sau biyu kafin ta yarda mu ci gaba, kuma da za ta koma gida sai da ta roƙe ni in ba ta aron littafin, na ba ta da sharaɗin ta dawo da shi kafin Oktoba.

Wannan fage shi ne ainihin jarumar a wurina, kuma ya dace da tunanin wanda ya ƙirƙiro ta. William Moulton Marston masanin halayyar ɗan Adam ne wanda ya yi aiki a kan auna hawan jini don gano mai faɗin ƙarya, kuma ya so ya samar da jarumar da ba da duka kaɗai take cin nasara ba. Pérez ya riƙe wannan, ya kuma ƙara mata abin da ba a cika ba jaruman irin waɗannan littattafai ba, wato zama cikin mata na gari. Diana ta sauka a birnin Boston ba ta jin Turanci, wata farfesa mai suna Julia Kapatelis ta karɓe ta a gidanta ta koya mata, ita kuma 'yar farfesar, Vanessa, ta shiga halin da duk wata ƙaramar budurwa za ta shiga idan aka kawo mata irin wannan baƙuwa cikin gida, tana sha'awarta tana kuma jin kishi. Steve Trevor a nan dattijo ne, ba masoyinta ba, saboda haka labarin bai rataya a kan soyayya ba. Ga kuma zanen kansa, wanda ya cika da ƙananan abubuwa: ginshiƙan fadar alloli da suka karkata ta kowace fuska, fuskokin matan Amazon da kowace ta bambanta da 'yar'uwarta, shafi guda mai ɗauke da ƙananan hotuna goma sha wani abu ba tare da ido ya ruɗe ba. Pérez ya zana fitowa 24 na farko da hannunsa, ya ci gaba da rubuta labarin har 1992, ya kuma rasu a watan Mayun 2022. Duk shekara sai na ga wani abu a gefen shafi wanda ban lura da shi a bara ba.

Ba zan zalunci fim ɗin 2017 ba, wanda Patty Jenkins ta ba da umarni. An mayar da labarin zuwa 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma wurin da Diana ta haura tsani ta fita daga ramin sojoji ta tsallaka filin da harsasai ke zuba domin ceto mutanen wani ƙauye a Beljiyam yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi da jarumar a allo. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 800, kuma ya cancanta. Sai dai a ƙarshensa, da ta haɗu da wannan Ares ɗin dai, an warware rikicin ne da walƙiya da fashe-fashe da aikin kwamfuta har ta halaka shi, aka kuma bayyana cewa zancen yumɓu rufa-rufa ce, ita 'yar Zeus ce, sarkin allolin Girkawa, wanda aka aro daga jerin littattafan da aka soma a 2011. Da aka yi haka sai tushen ƙarfinta ya tashi daga hannun uwa da mata ya koma ga uba, kuma ni ban taɓa gamsuwa da wannan canji ba.

Na biyun, wanda ya fito a Disamban 2020, shi ne na yi nadamar kuɗin da na kashe a kansa. Awa biyu da rabi ne a kan wani dutse mai cika buri, an dawo da Steve, masoyin Diana da ya mutu a fim na farko, a cikin jikin wani bawan Allah ba tare da fim ɗin ya damu da abin da hakan ke nufi ga mai jikin ba, an kuma mayar da Barbara Minerva, wadda a littafin Pérez masaniyar kayan tarihi ce mai haɗama da ke farautar igiyar Diana, ta zama wata mai jin kunya da ke son a kula ta. Ƙarshensa ya yi ƙoƙarin komawa ga igiyar gaskiya, amma kafin a kai can mai kallo ya gaji. Idan kin sayi faifan biyu, rabin kuɗinki a kan wannan zai tafi, na farkon kuwa za ki iya samun aronsa ko ki ci karo da shi a tashar talabijin.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Faifaina na farko na biya kuɗin na asali, da na isa gida na tarar kwafi ne na jabu, hoton ya dushe, rubutun fassarar da ke ƙasa bai dace da maganar ba, kuma na biyun yana tsayawa cak a tsakiya, mai shagon kuma ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka buɗe. A ɓangaren littafi yaudarar iri uku ce na sani. Wani zai ɗora hoton mujalladi mai kauri da ya ɗauko daga intanet, ya aiko miki da fitowa guda mai shafi ashirin da 'yan kai. Wani zai kawo miki wanda aka yi hotonsa da injin kwafi aka manne da gam, launinsa ya yi duhu, ƙananan layukan Pérez sun haɗe, kuma kafin wata guda shafukan sun fara zubewa. Wani kuma zai miƙo miki mujalladin farko na jerin 2011, na Brian Azzarello da Cliff Chiang, ya ce ai duk ɗaya ne tun da sunan jarumar ne a bango. Wancan aiki ne mai kyawun zane, amma labari ne daban, mai duhu da zubar da jini, wanda ya mayar da matan Amazon masu kashe matuƙan jiragen ruwa bayan sun samu ciki da su, kuma ba da shi nake so ki fara ba.

Saboda haka kada ki ba da kafin alƙalami ga wanda ba ki sani ba. Ki ce ya ɗauko miki bidiyo yana buɗe littafin da hannunsa daga bango zuwa bango, ki ga sunan George Pérez a rubuce, ki ga shafin ciki inda aka jera lambobin fitowar da aka tattara, sannan ki dubi tsakiyar littafin ko shafukan suna riƙe da kyau. Akwai wani tsohon bugu mai suna Gods and Mortals wanda ya tsaya a fitowa ta 7, shi ma na gaskiya ne kuma ya ƙunshi labarin Ares gaba ɗaya, sai dai bai kamata a sayar miki da shi a farashin mai fitowa 14 ba. Na hannu ba laifi ba ne matuƙar shafukansa sun cika, nawa ma na hannu ne.

Abu na ƙarshe, idan akwai ƙananan yara a gida ki ajiye shi inda hannunsu ba zai kai ba, domin abin da Heracles da mutanensa suka yi wa matan Amazon a fitowa ta 1 ba na yara ba ne, ko da yake an zana shi da kamun kai, sannan shigar jarumar ma kin san yadda take. Turancinsa yana da ɗan nauyi, musamman maganganun alloli, kuma rubutun ya fi na littattafan zane na yanzu yawa, don haka ki bi shi fitowa ɗaya ko biyu a zama guda. Idan kin kai fitowa ta 6 ki sanar da ni, sai in ba ki aron faifan 2017 ki kalli yadda aka ƙare da Ares a can.