Garejin tsofaffin motocin Amurka a Apo: aiki akwai kyau, amma sai mai haƙuri

Masu tambayata inda aka tada mana Ford Mustang ɗin kawu, to a Apo Mechanic Village ne da ke Abuja, wani gareji can ciki wanda ko allo babu, wani dattijo ne da yaransa, kowa Baba yake ce masa. Motar ƴar 1967 ce, inji V8 mai lamba 289, wato lita 4.7, ta shekara da shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfa har ɓeraye sun yi gida a kujerar baya.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ko yi maganar fenti ba. Bokitin ruwa ya sa yaro ya ɗebo ya tuttula a ramukan iskan nan da ke ƙasan gilashin gaba, ya ce in leƙa ƙarƙashin dashbod, wallahi sai ga ruwa yana ɗiga kan kafet. Ya ce nan ne ciwon Mustang na waɗannan shekarun, tsatsa tana cin wajen daga ciki, ruwa ya sauka ya cinye ƙasan motar, kuma da yake ba ta da shasi daban, bodin ne yake ɗauke da komai, in ƙasa ya ruɓe to ƙarfin motar ya tafi. Sai ya bi jikinta da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa fila ce, wato kwaɓin cike lotsawa, wani fanel bita ya lafta a da. Shi yanka wajen yake yi ya yi waldar sabon ƙarfe, filar da yake sawa ƴar kaɗan ce ta gyaran fuska. Wannan kaɗai ya isa in ba shi maki, don mun san yadda ake shafe mota ta yi ƙyalli, damina ɗaya fentin ya fara kumbura.

Sifanoninsa ma na inci ne, su 1/2 da 9/16, ba na milimita ba irin na Toyota da Honda. Kar ku raina wannan, in makanike ya ɗora sifana 13 a kan notin 1/2 zai kama amma da ɗan wasa, a notin da tsatsa ta riƙe sai ya murje kan, shikenan an shiga wahala.

Wajen inji kuwa bai yarda an buga stata ba sai da ya cire fulogogi, ya zuba ɗan mai a kowace silinda, ya juya injin da hannu ya tabbatar bai kame ba. Tanki an sauke an wanke, tiyon mai da na birki duk sababbi, kafireto ya warware shi a kan tire ɗaya bayan ɗaya, kuma a ka yake riƙe da jerin wutar fulogi, 1-5-4-2-6-3-7-8, yana faɗa yaro na jona waya. Da na ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, kamar yadda aka saba saboda zafin Abuja sai ya ce "Alhaji ƙarami, ba shi ne matsalar ba", lagireto ne ya toshe, ga murfin fanka babu. Bayan an gyara waɗannan mun shiga go-sulo na hanyar Nyanya allurar zafi ba ta haura ba. Baƙin mai 20W-50 ya ce a riƙa sawa, mai sinadarin zink, saboda irin kamshaf ɗin tsofaffin injinan nan, wato sandar da ke buɗe bawul.

To ga inda abin yake da haushi. Baba ba ya ɗaukar waya, in ya ce sati biyu ka lissafa wata biyu, kuma babu rubutaccen lissafi sai ka matsa, yau a ce kawo na gasket gobe a ce kawo na walda. Mai gyaran wayoyin wuta da yake kira daga waje shi ma aikinsa bai yi min ba, tef ya nannaɗe wasu wayoyi maimakon ya sake su, sai da muka sa aka maimaita. Wajen ajiya ma fili ne, ƙura da rana, ka zo da tamfol ɗinka.

Kayan gyara kuma kar ka sa rai da Apo, ba ƴar Beljiyam ba ce da za ka zaga shago ka samu. Daga Amurka ake odarsu, ga dala ga kuɗin jirgi ga kwastan, don haka ka sa Baba ya rubuta maka duk abin da ake buƙata a turo lokaci ɗaya, kuma ka duba harafi na biyar a lambar bodin motar (VIN), C ko A ko K, shi ne zai nuna maka wane 289 ne kafin ka biya kuɗin abin da ba zai shiga ba. Duk abin da aka kwance a ɗau hoto, notuna a leda a rubuta suna.

In Camaro ce da kai ko Charger ko ma Marsandi ta da, zan ce ka kai masa, amma ku yi ciniki gaɓa gaɓa, birki da sitiyari tukuna, sai inji, fenti a ƙarshe, kuma kar ka biya na gaba sai ka ga na baya da idonka.