Daga Faransa zuwa Maraɗi: yadda ɗiyata ke koyon fizik

Ƙanena Malam, ina gaisuwa, da fatan Inna da mutanen unguwar Zariya duk suna lafiya. Ka ce in ba ka labarin karatun fizik a nan Sitirasbur, to ga abin da idona ya gani.

Da ɗiyarka ta shiga lise, hukumar yankin ta ba ta kwamfuta. Makarantar tana da ɗaki a intanet inda malami ke ajiye darasi da aikin gida, mu iyaye kuma muna ganin makin yaranmu a waya. Intanet ɗin gida yuro 30 nake biya a wata, kusan jika 20 na sefa ke nan, sai dai babu ƙidayar mega.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru wani dare. Na tarar da ita tana jan pil da ampul da igiyar wuta a fuskar kwamfuta. Tana haɗa su ampul ya kama, ƙananan ƙwayoyin lantarki suna zagaya igiyar kamar tururuwa. Ta ƙara pil, haske ya ƙaru. Ta haɗa bakin pil da gindinsa kai tsaye, sai ga wuta ta tashi a kansa. Wallahi nan na gane dokar Ohm, mai nuna alaƙar ƙarfin pil da yawan lantarkin da ke bin igiya, wadda muka haddace a allo muna cunkushe uku-uku a benci, ba mu taɓa ganin ta da ido ba.

Sunan abin PhET, manhaja ce ta gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel ta fizik a 2001, shi ya kafa shi a 2002 a Jami'ar Kolorado ta Amurka. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma ana sauke shi a yi aiki da shi ko babu intanet.

Wannan na ƙarshen shi ya sa na rubuto maka. Ba sai kowane yaro ya mallaki kwamfuta ba. Ɗaya ta isa aji, da faifan sola saboda yankewar wuta. Malamin su ɗiyarka ma bai tsaya ga hoto ba, washegari igiya da pil na gaske ya ba su, kuma waɗannan ai ko a babbar kasuwa kana samu.

Na saya maka kwamfuta 'yar hannu, na zuba gwaje-gwajen lantarki da na haske a ciki. Mai zuwa gida bayan Sallah zai kawo maka. Ka fara da 'yan ajin jarrabawa, ka faɗa mini me suka ce.