Gidan Kallon da Ya Ware Allo Ɗaya Domin Ƙananan Ƙungiyoyi

A yawancin gidajen kallon ƙwallo na Sakkwato, mai son ganin wasan wata ƙaramar ƙungiyar Ingila sai dai ya jira ranar da za ta kara da Manchester United ko Arsenal, domin masu gida suna bin inda jama'a suka fi yawa ne. Wannan ya sa na daɗe ina zuwa wani gidan kallo da ke yankin Mabera, wanda mai shi ya kafa allo uku, ya kuma ware na ukun domin wasannin da sauran wurare ba sa nunawa. A gaban wannan allo na saba da AFC Bournemouth, ƙungiyar wani gari na bakin teku a gundumar Dorset da ke kudancin Ingila.

Ranar da na fi tunawa ita ce Asabar 25 ga Janairu, 2025, lokacin da Bournemouth ta karɓi baƙuncin Nottingham Forest. Ƙarfe uku na rana a can ƙarfe huɗu ne a nan, wato dab da La'asar, kuma mai gidan ba ya barin kowa ya fake da ƙwallo: akwai butoci da tabarmi a ƙofa, a yi salla sannan a shiga. Ba mu fi cikin benci biyu ba a ɓangarenmu, amma da Dango Ouattara, ɗan Burkina Faso, ya ci wa Bournemouth uku rigis aka tashi 5-0, sai masu kallon sauran allunan suka riƙa juyowa suna tambayar abin da ke faruwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sanin da mai gidan ya yi wa abin da yake sayarwa. Wani matashi ya ce masa, "Alhaji, wannan filin nasu ai kamar na makarantar sakandare ne." Ya amsa da cewa gaskiya ne filin Dean Court, wanda ake kira Vitality Stadium, mutum kusan 11,300 kawai yake ɗauka, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a gasar Firimiya ta kakar 2024/25, sai dai ya nemi yaron ya zauna ya ji yadda aka yi ƙungiyar ta rayu. A 1997 bashi ya kusa rufe ta, mutanen garin suka taru a zauren Winter Gardens, aka zagaya da bokitai ana tara kuɗi, har daga bisani wata gidauniyar magoya baya ta karɓi ragamarta. A kakar 2008/09 kuma ta fara gasar rukuni na huɗu da bashin maki 17 saboda matsalar kuɗi, Eddie Howe ya karɓe ta a matsayin koci yana ɗan shekara 31, ya hana ta faɗuwa, kuma a 2015 ya kai ta Firimiya. Na koma gida na bincika, na tarar bai ƙara gishiri ba.

A ganina wannan bayani wani ɓangare ne na hidimar gidan, domin mai kallon da ya san cewa filin yana cikin Kings Park, dandalin shaƙatawar jama'a a unguwar Boscombe inda ƙungiyar ta samo asali a 1899, yakan kalli 'yan kallon nan da wani ido daban. Yau ƙungiyar tana hannun attajirin Amurka Bill Foley, wanda ya saye ta a ƙarshen 2022, kuma an sha musu a bencinmu kan ko har yanzu za a kira ta ƙungiyar 'yan gari. Wani dattijo da ya daɗe yana zuwa filin wasa na Giginya da ke Sakkwato ya ce shi dai abin da ya sani, ƙungiyar da mutanen gari suka taɓa ceto da kuɗin aljihunsu ba ta fita daga hannunsu gaba ɗaya. Ban gamsu da shi sosai ba, amma ban sami abin da zan kayar da shi ba.

Hoton allunan yana da kyau, kuma idan an ɗauke wuta janareta yana tashi kafin a rasa wani abin kirki. Kuɗin shiga bai wuce na shayi da burodi ba.

Inda gidan ya gaza shi ne sauti da iska. Lasifika ɗaya ce tak, kuma babban wasa ake ba ta, saboda haka mu na allo na uku muna kallo ne kamar kurame, muna jin sunayen 'yan wasan da ba sa gabanmu. A hunturu rufin kwano ba ya damun kowa, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da gasar ke zuwa ƙarshe kuma zafin Sakkwato ke kan ganiyarsa, fankoki biyun da ke ciki iska mai zafi kawai suke juyawa, kuma dukansu suna ɓangaren manyan ƙungiyoyi. Bencinan ma ba su da majingina, wanda hakan ke wahalar da masu shekaru. Na faɗa wa Alhaji waɗannan duka. Ya ce batun lasifika yana hanya, na fanka kuwa sai ya haɗa sola.

Duk da haka ina ba mai son kallo cikin natsuwa shawarar ya je, musamman a wasannin yammacin Asabar. Ya isa da wuri ya kama bencin da ke kusa da taga, sannan ya tambayi yaron da ke karɓar kuɗi wane wasa za a sa a allo na uku, domin idan Bournemouth da Brighton suna wasa a lokaci guda, waɗanda suka riga zuwa su ne ke zaɓa.