Keji da abincin da suka dace da akun da ya sha wahala

Akun da ke wajena yanzu daga wani gida na karɓo shi a nan Jos, yaran gidan sun daɗe suna tsokanarshi da tsinke, ƙirjinshi duk a fige, kana matsowa sai ya maƙale a saman keji yana gurnani yana kyarma. Toh duk wanda ya ɗauko irinshi, kafin ya fidda kuɗi ga abin da na gani.

Keji dai iri uku za ka samu. Zagayayyen nan da ake talla a bakin titi shi ne mafi araha, amma wallahi kar ka saya, ba shi da kusurwar da tsuntsu zai raɓe, shi kuwa mai tsoro so yake ya ji akwai abu a bayanshi. Na ƙasar waje mai tayoyi yana da kyau sosai, akasari ma yana da ƴan ƙofofin da za ka canza kwano daga waje ba sai ka cusa hannu ba, wannan kuma babban abu ne tunda hannu ne ya cuce shi tun farko, sai dai tsada, kuma sai ka yi oda daga Abuja ko Legas. Ni na mai walda na zaɓa, amma na tsaya a kanshi yana yi. Mai kusurwa huɗu, faɗi kamar santimita 90, tsakanin ƙarafa kar ya wuce santimita 2 da rabi, a yi ƙofar kwano a gefe. Abin da zan roƙe ku shi ne banda wayar ragar kaji da tsohon fenti, aku da baki yake hawa, zinki da dalma suna shiga cikinshi su zama guba. Ka jingina kejin da bango, ka rufe gefe ɗaya da zani, kuma lokacin hunturu ka san sanyin Jos a Disamba da Janairu, kar ka bar shi a baranda da dare.

Sandar zama kuma reshen gwaiba da ka wanke ya fi ta roba nesa ba kusa ba, ga shi kyauta. Safar hannu ta fata kar ka ɓata kuɗinka, ƙara firgita shi take.

Abinci ne inda aka fi kuskure. Gyaɗa zalla ita kowa ke ba su saboda sauƙi, amma mai ya yi mata yawa, in ta yi fumfuna kuma tana taɓa hanta da huhu, ga shi aku mai jan wutsiya yana yawan fama da ƙarancin kalsiyam har ya riƙa faɗowa daga sanda. Abincin leda na musamman ya fi daidaito amma ba kullum ake samu ba, kuma wanda ya saba da gyaɗa zai yi kwanaki yana watsar da shi. Ni haɗawa nake, karas da ganye daga kasuwar Farin Gada, gwanda, masara ɗanya, ɗan kwakwar manja wanda dama shi suke ci a daji. Gyaɗar na mayar da ita ta lallashi, ƙwaya ɗaya in ajiye a kwano in ja baya in zauna a ƙasa ban kalle shi ido cikin ido ba. Fiya, cakulan da goro kar su kusance shi, haka hayaƙin maganin sauro da turaren wuta.

In fizgar gashin da yake yi wa kanshi ta ƙi tsayawa a kai shi likitan dabbobi ya duba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ma ba nisa. Kuma don Allah kar tausayi ya sa ka sayi wani sabo a hannun masu kamowa daga daji, tun 2016 aka amince a hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuɗinka ne zai sa a koma a kamo wani.

Nawa sai da ya yi wata uku kafin ya karɓi gyaɗa a yatsana, har yau bai yarda in shafa kanshi ba, amma ƴan gashi jajaye sun fara fitowa a wutsiyar.