Na'ura mai faɗin sunanta da na'ura mai anko

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kun ce kun sa kamara uku a shagonku na kasuwar Tawa, kuna kallonsu ta salula, sai wani ya ce ku canza su da masu "tantancewa ba suna", wai su ne ɓarawon intanet ba ya iya shiga. Mai maganar ya haɗa cuta biyu, shigar ɓarawo da bin sawun na'ura, ya ba su magani guda.

Hanyar da aka saba ita ce na'ura ta ƙwanƙwasa ƙofar babbar kwamfutar kamfani ta ce ni ce wance, ga lambata, ga kalmar sirrina. Ba ta da nauyi, ba ta cin batir, kuma in an sace kamara guda sai a soke sunanta, shi ke nan. Aibinta biyu ne. Na farko, mutane ba sa canza kalmar da ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 irin su admin da 12345, ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da akwatunan wifi, aka yi amfani da su aka tsayar da Twitter da Netflix a Amurka na sa'o'i. Na biyu, tunda kullum da suna guda take magana, mai saurare zai iya haɗa tarihinta: yaushe ta tashi, yaushe ta yi shiru, daga ina take magana.

Ɗaya hanyar, wato tantancewa ba suna, kamar anko ce a gidan biki. Mai tsaron ƙofa ya ga zanen, ya san 'yar gayya ce, ya bar ta ta wuce, bai san sunanta ba. Na'urar tana nuna shaidar cewa tana cikin waɗanda aka yarda da su, kuma kowane zuwa shaidar tana sake kama, ba a gane cewa ita ce ta jiya. David Chaum da Eugène van Heyst suka fito da dabarar a 1991, ana ce mata sa hannun rukuni. A tsarinsu akwai uwar biki, wadda ta raba zanen, ita kaɗai ke iya tona wace ce in rigima ta tashi. A 2004 aka fitar da wani salo, DAA, wanda ya shiga ƙwayar tsaro ta TPM da ke cikin kwamfutoci. A nan ko uwar bikin ba ta iya tonawa. Sai dai lissafinta ya fi nauyi, ƙaramar na'ura mai batir tana jin jiki, kuma korar wadda ta lalace daga cikin taro aiki ne, tunda ba a san fuskarta ba.

To, Alhaji, kamararku ba ta da wanda za ta ɓoye wa sunanta, ku ne mai ita. Ankon yana da amfani ne inda dubban na'urori ke ba da rahoton rayuwar mutane: kwantar kuran da ke nuna lokacin da gida ya zama ba kowa, agogon da ke auna bugun zuciya, motar da ke faɗin inda take. Irin wannan bayani ne HAPDP, hukumar kare bayanan sirrin jama'a da ke Yamai, take da alhakin karewa.

Ku bar kuɗinku a aljihu. Ku sa yaronku ya canza kalmar sirrin kowace kamara, kowace da tata, doguwa, ban da lambar salularku ko shekarar haihuwa. Ya sabunta manhajarsu, ya kuma cire mai gyaran da ya haɗa muku su daga cikin masu kallo, don sau da yawa salularsa tana nan a ciki.