EverDrive N8 Pro da aikin guntayen mapper

Na'urar wasan bidiyo ta Nintendo mai suna NES kilobait 32 kawai take gani daga shirin wasa a lokaci guda, shi ya sa aka sanya guntun mapper cikin kaset domin ya riƙa musanya sassan ma'ajiya. EverDrive N8 Pro, wani kaset da ake loda wa wasannin NES, yana kwaikwayon waɗannan guntaye da FPGA, wato guntun da ake iya sake tsara aikinsa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne guntun mapper na MMC3, wanda ke ƙirga layukan allo ta hanyar sa ido kan layin A12, ɗaya daga cikin layukan adireshi na guntun hoto. A wasan Super Mario Bros. 3, wanda ke amfani da MMC3, sashen maki na ƙasa ya tsaya daram, babu rawa. Damuwata ita ce ƙarin sautin guntun mapper na VRC6, wanda ba ya fita a NES sai an yi wa na'urar gyara.