Sharhi a Kan Xvfb, Allon da Ke Rayuwa a Cikin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk mai haɗa manhajar da ke buɗe taga a kan Linux zai ci karo da wata matsala a ranar da ya miƙa gwaje-gwajensa ga sabar da ke gudanar da su kai tsaye, irin ta GitHub Actions ko Jenkins. Waɗannan injina ba su da allo, ba su da linzami, kuma ba su da katin zane, saboda haka manhajar da ta yi aiki lafiya a kan kwamfutarsa sai ta tsaya cak tana kukan cewa ba ta sami inda za ta zana taga ba. A manhajojin Java masu amfani da Swing, wato kayan gina tagogi na Java, wannan kukan yana fitowa ne da sunan HeadlessException. Xvfb shi ne maganin da aka fi komawa gare shi, kuma a ganina ya cancanci wannan matsayi, matuƙar mutum ya san iyakar abin da yake bayarwa.

Xvfb wani ɓangare ne na X.Org, gidan da ke kula da tsarin tagogi na X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, aka kuma fitar da sigarsa ta 11, wato X11, a 1987. A wannan tsari, manhaja ba ta taɓa allo da kanta, tana aika buƙatunta ne ga wata sabar da ke yin zanen. Xvfb yana karɓar buƙatun nan kamar kowace sabar X, sai dai duk abin da ya zana yana zama ne a cikin ƙwaƙwalwar injin, manhajar kuwa ba ta da hanyar gane bambancin. Kyauta ne, kuma nauyinsa kaɗan ne, domin allo mai faɗin 1920 da tsawon 1080 bai wuce kimanin megabait 8 ba.

Sauƙin girkawa shi ne abin yabo na farko. A Ubuntu da Debian fakitin sunansa xvfb, kuma yana zuwa da ɗan ƙaramin umarni mai suna xvfb-run, wanda ke tayar da allon, ya saita DISPLAY, wato saitin da ke faɗa wa manhaja allon da za ta yi amfani da shi, ya gudanar da gwajin, sannan ya rufe komai idan an gama. Layi ɗaya kamar xvfb-run -a npm test ya wadatar ga masu aiki da Electron, wato kayan gina manhajar tebur da fasahar intanet, ko masu rubuta ƙari ga VS Code. Alamar -a ɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin idan babu shi umarnin zai nemi allo mai lamba 99 kowane lokaci, kuma idan ayyuka biyu suka tashi tare a inji ɗaya, ko wani aikin da ya mutu ya bar fayil ɗin kulle a /tmp/.X99-lock, na biyun yana iya ƙin tashi. Ina ba da shawarar a guji tayar da Xvfb da hannu a bayan fage sannan a sa gwajin ya jira daƙiƙa kaɗan, domin ranar da injin ya yi nauyi gwajin zai riga allon tashi, ya faɗi ba tare da laifin manhajar ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne, Xvfb allo ne tsirara, babu komai a kansa. Ba ya zuwa da mai sarrafa tagogi, wato shirin da ke sa wa taga sandar take a samanta, ya faɗaɗa ta, ya kuma yanke hukuncin wace taga ce za ta karɓi abin da aka buga a madannai. Gwajin da ke rubuta suna a cikin akwati, ko wanda ke jiran taga ta cika allo, yana iya faɗuwa saboda wannan kaɗai, kuma saƙon kuskuren ba zai nuna dalilin ba. Gyaran shi ne a tayar da ƙaramin mai sarrafa tagogi kamar Openbox ko Fluxbox a cikin allon kafin gwajin ya fara. Haka nan dole ne a faɗi girman allo da zurfin launi ƙarara, domin tsofaffin sigogin xvfb-run suna buɗe allo mai 640 da 480 da zurfin launi 8, wato launuka 256 kacal, wanda ke sa maɓallai su faɗa wajen allon, wasu manhajojin ma su ƙi buɗewa. Batun haruffa ma yana nan: a cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, da aka rage wa kaya, sau da yawa babu isassun samfuran rubutu, sai ɓ da ɗ da ƙ su fito a matsayin akwatuna marasa komai a hoton da gwajin ya ɗauka, har sai an girka samfurin rubutu na DejaVu ko Noto.

Game da zane mai nauyi, tun da babu katin zane, OpenGL, tsarin da manhajoji ke yin irin wannan zane da shi, yana tafiya ne ta hanyar shirin llvmpipe na Mesa, wanda ke ɗora aikin a kan na'urar lissafin injin, wato CPU. Yana aiki, amma a hankali, kuma duk awon gudun da aka yi a haka ba shi da amfani.

Binciken gwajin da ya faɗi ya fi sauƙi fiye da yadda sunan allon ɓoye ke nunawa. Ana iya ɗaukar hoton allon da xwd, ko a naɗi bidiyon gwajin gaba ɗaya da ffmpeg, ko kuma a haɗa x11vnc a zauna ana kallon linzami yana yawo shi kaɗai yana danna maɓallai. Ganin wata tagar gargaɗi da ta rufe maɓallin da gwajin ke nema yana warware abin da karanta dogon rahoto ba zai warware ba.

Ba kowa ke bukatarsa ba a yau. Tun 2017 Chrome da Firefox suka sami hanyar gudu ba tare da allo ba, kuma Qt, wani kayan gina tagogin manhaja, yana da nasa yanayin mai suna offscreen, don haka mai gwada shafin intanet kawai zai iya wucewa. Sannan Xvfb yaren X11 kaɗai yake ji, alhali manyan rabe-raben Linux kamar Fedora da Ubuntu sun koma Wayland, sabon tsarin tagogi da ke maye gurbin X, wanda ke nufin cewa gwajin da ya ci a nan bai tabbatar da halin manhajar a teburin mai amfani ba, kuma mai son wannan tabbacin sai ya nemi Weston, wata sabar Wayland, a yanayinsa na rashin allo. Amma ga manhajojin Swing da GTK da Electron, da duk tsohon shirin da ba zai tashi ba sai ya ga allo, har yanzu Xvfb nake fara girkawa, tare da Openbox da samfuran rubutu, da girman allo da na rubuta da hannuna.